Yadda za ka kula da tsohon kare mai fama da ciwo

Manyan karnukan nan da ake ajewa gadi, irin su German Shepherd da Boerboel da Rottweiler, da sun haura shekara 7 toh tsufa ya fara kwankwasa ƙofa, ƙananan su kan kai 10 kafin jiki ya soma gaya musu. Za ka ga yana jan ƙafar baya in zai tashi, ya daina rugowa bakin get in ya ji ƙarar mota, ga yawan bacci. Sai mutane su ce ai tsufa ne su zuba masa ido, alhali galibi ciwon gaɓoɓi ne kuma ana iya sauƙaƙa masa sosai.

Dan Allah kar ka shiga kemis ka siyo masa maganin mutane, nan ne aka fi yin ɓarna. Ibuprofen da diclofenac suna jawo wa kare gyambon ciki har ya riƙa kashin jini kuma su taɓa ƙoda, paracetamol ma sai in likita ne ya auna masa. Suna da nasu kamar meloxicam da carprofen, amma su ma sai an gwada jini an ga lafiyar ƙoda da hanta tukuna. Ka riƙa kai shi asibitin dabbobi duk wata 6 ko da ka ga garau yake, in abin ya fi ƙarfin na kusa da kai akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya da jami'ar Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri.

Kwana kan siminti lokacin hunturu azaba ce gare shi, ka samo tsohuwar katifa ko buhuna ka ɗora bargo, in tsakar gidan tayil ne a shimfiɗa tsohon kafet don zamewa yake yi. Ɗan yawo na minti 10 zuwa 15 safe da yamma ya isa, ban da tsakar rana a watannin zafi. Ƙiba kuma ba alamar gata ba ce, in ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba toh a rage kwano.

Ruwan da yake sha shi ne zai fara tona maka asirin ciwo, shi ya sa nake son a riƙa aunawa. Ka riƙa cika masa kwano da robar lita ɗaya da rabi kana ƙirga sau nawa ka zuba, gobe war haka ka duba nawa ya tafi. Kare mai kilo 30 da ke shanye sama da lita 3 a rana, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, ana zargin ƙoda ko ciwon suga, in kuma mace ce da ba a cire wa mahaifa ba ya kan zama mugunya ce ta taru a mahaifar, wannan kam ranar za a kai ta ba gobe ba. Kuma kar ka hana shi ruwa wai don ya rage ɓata gida, mai ciwon ƙoda ƙishi na iya kai shi ƙasa.

Ragowar tuwo da miya da muke juye musu fa akwai matsala, gishiri da magi sun masa yawa, albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini. Goro da cakulan da inabi ko kusa, dafaffen ƙashi ma haka. In haƙora sun lalace a jiƙa abincin da ruwan ɗumi.

Mai suga ana masa allurar insulin galibi sau biyu a rana, tazarar awa 12, bayan ya ci. A firij ake ajewa amma kar ta daskare, in NEPA sun yi halinsu a saka ta cikin kula mai ƙanƙara, a nannaɗe kwalbar da tsumma kar ta taɓa ƙanƙarar. Ranar da ya ƙi cin abinci ka kira likita kafin ka tsira masa, in kuma ya fara layi da karkarwa ka shafa masa zuma a dasashi ku kama hanyar asibiti.

Mai ciwon zuciya kuwa ka ƙirga numfashinsa yana bacci, in yana wuce 30 a minti ɗaya ko yana tari da daddare a sanar da likita.

Kaska ma ba ta raga wa tsoho, amma Sniper da fiya-fiya da baƙin mai da wasu ke shafa musu guba ne, ka karɓi maganin kaska na karnuka a wurin likita, allurar haukan kare ma ba a dainawa don ya tsufa.

In ta kai ya daina ci, baya iya tashi, yana kwance cikin fitsarinsa kuma magani ya daina aiki, kar a ɗauke shi a yar bayan gari kamar yadda wasu ke yi, ka zauna da likitan ku yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe kan ko akwai sauran abin gwadawa ko kuwa a hutar da shi da allura.