Yadda ake ratsa tsibirin Java a jirgin ƙasa

Wanda zai ratsa tsibirin Java na ƙasar Indonesiya daga birnin Jakarta zuwa gabashin tsibirin, ya hau jirgin ƙasa da rana. Na dare ban yarda da shi ba ga baƙo, domin gonakin shinkafa da duwatsu masu aman wuta da mutum ya zo kallo duk duhu zai haɗiye su.

Fara da tikiti. Kamfanin jiragen ƙasar Indonesiya, KAI, yana buɗe sayarwa kwana 45 kafin tafiya, kuma yana da manhajarsa, Access by KAI. Katin bankin waje yakan ƙi shiga, sai ka koma shafukan sayar da tikiti irin su Traveloka ko Tiket.com. Rubuta sunanka da lambar fasfo daidai yadda suke, don za a duba a ƙofa. Idan tafiyarka ta faɗa kusa da ƙaramar sallah, saya da wuri ƙwarai, lokacin ne jama'a ke tururuwar komawa gida. Ka ɗauki ajin eksekutif, wato babban aji. Ekonomi ya fi araha, amma zaman awa bakwai ko takwas zuwa birnin Yogyakarta ba wasa ba ne.

Inda na ga baƙi suna asarar kuɗinsu shi ne tasha. Manyan garuruwan nan ba tasha ɗaya gare su ba. A Jakarta, yawancin jiragen eksekutif daga Gambir suke tashi, kusa da hasumiyar Monas, na ekonomi kuma daga Pasar Senen. Jirgin nan mai gudun tsiya, Whoosh, da aka buɗe a 2023 zuwa Bandung, tasharsa daban ce a Halim. Yogyakarta tana da Tugu da Lempuyangan, Surabaya tana da Gubeng da Pasar Turi. Sai mutum ya ce wa direban tasi "tashar jirgi" kawai, a sauke shi a wadda ba ita ba, ya tsaya da jaka a hannu yana neman sunan jirginsa a allo babu shi. Kafin ya sake kutsawa cikin cunkoson Jakarta, jirgi ya tafi, don jiragen KAI ba sa jiran kowa. Karanta sunan tashar a tikitinka, ka nuna wa direba a waya, ka isa da awa guda a hannu. Kuma jiragen cikin gari na KRL ba sa tsayawa a Gambir, kada ka dogara da su.

A tasha akwai na'urar da ke buga takardar shiga idan ka sa lambar tikitinka. Kaya kilo 20 kyauta ne. Riƙe rigar sanyi a hannu, sanyin taragon yana ratsa ƙashi. Ma'aikata na zagayawa da soyayyar shinkafa da shayi, kuma jirage da yawa suna da ɗan wurin sallah a taragon abinci.

Kada ka tsallake Bandung. Hanyar da ke tsakaninta da Yogyakarta ita ce mafi kyau, jirgin Argo Wilis na safe yana bin ta. Daga Yogyakarta ana hango dutsen Merapi in sama ta yi garau. Mai son ganin dutsen Bromo mai aman wuta ya sauka a Probolinggo, mai son dutsen Ijen ya wuce Banyuwangi. Layin ya ƙare a Ketapang, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Bali.