Kurakuran ladabi da ke shiga tsakanin manya da matasa

Na gaji da jin manya suna cewa yaran yanzu ba su da kunya, matasa kuma suna cewa tsofaffi sun cika mita. Duk sanda na bi diddigin rigimar sai in tarar kurakurai ne 'yan kaɗan, ana ta maimaita su kamar an haɗa baki. Yawancinsu ma ba da mugun nufi ake yi ba. Yaro yana ganin ya taƙaita magana don kada ya ɓata wa babba lokaci, babba yana ganin an raina shi. Babba yana ganin tarbiyya yake bayarwa, yaro yana ganin an ci masa mutunci.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon farko. Matashi ya samu lambar sa'an mahaifinsa, mutumin da bai taɓa ganinsa ba, sai ya tura masa "slm" ya yi shiru, yana jiran a tambaye shi ko wane ne. Wani kuma ba gaisuwa ba komai, sai buƙata tsagwaronta.

Akwai wani dattijo da na daɗe ina da mutunci a idonsa. Na roƙe shi ya duba wani matashi mai neman aiki, yaro mai ƙwazo, takardunsa ba su da makusa. Ya amince, na ba yaron lamba. Sai da dare ya raba ya rubuta masa: "slm an ce in maka magana kan aikin nan." Da gari ya waye ya ga an karanta ba a amsa ba, sai ya bi da alamar tambaya, ya ƙara wata, daga nan ya danna kira. Dattijon bai ce masa uffan ba. Ni ya kira, cikin sanyin murya ya ce, "Malam, irin waɗanda za ka riƙa turo mini ke nan?" Yaron ya rasa aikin, wannan da sauƙi tunda ya samu wani daga baya. Ni ne ƙofar ta rufe mini, tare da duk waɗanda da zan kai a bayansa, har da waɗanda suka fi shi buƙata. Har yau yaron bai san abin da ya jawo ba, yana can yana cewa manya ba sa son taimako.

Ina ganin rabin matsalar daga shuɗiyar alamar nan ta WhatsApp mai nuna an karanta saƙo take, wadda aka shigo da ita a 2014. Wanda ya buɗe ido ya gan ta yana ɗaukar cewa da zarar an karanta saƙonsa ana binsa bashin amsa nan take. Wanda kuwa ya tashi a zamanin wasiƙa, da ake kwana da kwanaki kafin ta isa, karantawa daban yake ɗaukarta, amsawa daban, a tsakaninsu akwai tunani. To ka sani, babba ba ya zaune yana jiranka.

Ga yadda nake sa yaran da ke ƙarƙashina su yi, kuma ba na sassautawa. Cikakkiyar sallama, ba guntuwa ba. Sunanka, da wanda ya ba ka lambar, da abin da ke tafe da kai, da godiya, duka a saƙo ɗaya. Sannan ka kama bakinka kwana biyu. In za ka tuna masa, ka sake gaisuwa kamar ba ka taɓa yi ba. Wasu na cewa kira ya fi saƙo girmamawa. Ni ban yarda ba, sai dai in kun saba. Kira kutse ne, shi ya sa nake fara rubutawa in nemi lokacin da ya dace. Batun lokaci kuwa, aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha. In ɗan gida bai da wannan damar, ina ga baƙon da ke shigowa ta waya?

Na biyu shi ne gyara wa babba kuskure a gaban jama'a. Kawu ya turo labarin ƙanzon kurege a zauren iyali na WhatsApp, maganin da ke warkar da kowace cuta ko hoton da aka haɗa. Irin wannan ya yi yawa har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a 2019. Sai ɗan jami'a ya fito a gaban 'ya'yan Kawu da jikokinsa ya rubuta "wannan ƙarya ce", ya liƙa hujja. Gaskiya ya faɗa, amma me ya samu? Kawu ba zai janye ba, sai dai ya kafe, don yanzu ba labarin yake karewa ba, girmansa yake karewa. Ni gefe nake binsa: "Kawu, barka da rana. Na ga saƙon da aka turo, na ɗan bincika, kamar waɗanda suka fara yaɗa shi ba su tantance ba." Ka ɗora laifin a kan na nesa, ka bar masa hanyar fita. Sau da yawa da kansa zai goge, tunda tun 2017 ana iya goge saƙo ga kowa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Yanzu ku kuma manya, kada ku gyara zama kuna murmushi. Hadisin da kuke yawan jawowa a kan girmama babba, wanda Tirmizi ya ruwaito, da jin ƙan ƙarami ya fara. Me ya sa kullum rabi ake karantawa? Yaro ya gaishe ka, ka amsa da hanci ko ka ƙi ɗagowa, gobe ka ce ba ya gaisuwa. Ya yi kuskure a wurin aiki, maimakon ka kira shi ofis sai ka wanke shi tas a gaban abokan aikinsa da baƙi. Na ga ma'aikaci nagari ya ajiye aiki a kan haka, ba don albashi ba. Wanda ya yi masa faɗan har yanzu cewa yake yaran zamani ba su da juriya. Da aka ce babba juji ne, ana nufin ya haɗiye, ba ya zubar a kan na ƙasa ba.

Sai tambayoyin nan da kuke ɗauka kulawa ce. Yaushe za a yi aure? Har yanzu shiru, ba haihuwa? Nawa ake biyanka? Ya aka yi kika yi ƙiba haka? A gaban mutane kuma. Wanda aka tambaya ba shi da bakin ramawa saboda girmanku, sai ya yi dariyar yaƙe, daga nan ya fara ƙaurace wa taro. In kun damu da gaske, ku kira shi shi kaɗai, ku fara da tambayar lafiyarsa, ku bari ya buɗe zancen da kansa.

"A zamaninmu" ma a rage ta. Tun 1530 wani masanin Turai mai suna Erasmus ya rubuta ɗan littafi yana koya wa yaran Turai ladabi, har da yadda ake fyace majina. Ke nan kakannin kakanni ma an yi kuka da su.

Sauran ƙanana ne. Babba na magana, cire abin sauraro daga kunne, ka kife wayar. Kada ka katse shi ko da ka san ƙarshen labarin. Kada ka ɗauki hoton tsoho ko majinyaci ka sa a intanet ba da izininsa ba, ko da addu'a kake nema masa. Ta'aziyya ba a yin ta da hoton fuska mai hawaye kawai, a rubuta kalmomi ko a kira. Manya kuma, saƙon murya na minti goma a kan abin da layi biyu zai ɗauka, ku sani tun 2021 ana iya ninka saurinsa, kuma da haka ake sauraronku. In yaro ya gyara maka waya ko ya cike maka fom, ka ce ka gode. In kuma ya miƙa maka wayarsa ya nuna maka hoto ɗaya, ɗayan za ka kalla, kada yatsa ya wuce gaba.