Yadda za ki gyara ɗakin kwananki ya zama wurin hutawa, musamman mu nan Zariya

Ranar da aka kai ni gidana a Tudun Wada, ɗakin kwanan nan ko darduma za ki shimfiɗa sai kin ja kujera gefe. Gado mai ƙafa shida da shida, sif mai ƙofa huɗu, madubi da kujerarsa, durowa biyu a gefen gado, akwatunan lefe jere a saman sif suna neman taɓa silin, ga labule mai nauyi ja da ruwan gwal. Duk wanda ya shigo sai ya ce masha Allah, kuma gaskiya iyaye sun yi ƙoƙari Allah ya saka musu da Aljanna, amma ni da nake kwana a ciki na kai wata da watanni ina tashi da gajiya da ciwon kai kamar ban runtsa ba. Sai ranar da gwaggona ta zo daga cikin Birni, ta zauna bakin gado tana fifita da gefen mayafinta, ta kalli sama ta kalli ƙasa ta ce "ke 'yar nan, ta ina iska za ta bi a ɗakin nan?" Wallahi maganar nan ce ta buɗe min ido, dan sif ɗin nan ya toshe taga ɗaya gaba ɗaya ni ban taɓa kawowa a raina ba.

Toh 'yar uwa kafin ki ɗau ko sisi ki nufi kasuwar Sabon Gari, fara da fitar da kaya, nan ne rabin aikin yake kuma kyauta ne. Ki tsaya bakin ƙofa ki kalli ɗakin kamar baƙuwa, duk abin da idonki ya sauka a kai ki tambayi kanki yaushe rabon da ki taɓa shi. Akwatunan lefe da babu komai ciki, kulolin da aka rasa wurinsu a kicin aka turo ƙarƙashin gado, kwalayen fanka da na talabijin da ake ajiyewa wai ko za a tashi daga gidan, kwalaben turare da suka ƙare tun bara suna nan jere gaban madubi, duk su fita. Ni dai a ganina mun mayar da ɗakin kwana sito da wurin nuna kaya, alhali shi kaɗai ne wurin da mace za ta rufe ƙofa ta sauke gajiyar yini, in ido ya buɗe ya ga tarkace ta ko'ina zuciya ma ba ta samun sukuni, kina kwance kina lissafin wankin da ke kan kujera da gugar da ba a yi ba. Kujerar nan da ake jibga kaya a kai, in ba zama ake yi a kanta ba ki fitar da ita, ki sayi kwando mai murfi na kayan wanki ki sa bayan ƙofa. Kayan da kika shekara biyu ba ki sa ba kuwa akwai masu buƙata a cikin dangi da maƙwabta, ki bayar ki samu lada.

Daga nan sai wurin gado. Kan gadon ya jingina da bango, kar ki sa shi daidai ƙarƙashin taga dan lokacin hunturu ƙura da sanyin asuba a kanki za su sauka, da damina kuma feshin ruwa. In ɗakin na da taga biyu ki tabbata ba abin da ya tare ko ɗaya, iska ta shigo ta nan ta fita ta can, kin san zafinmu na watan Maris da Afrilu da yake haura digiri 35 da rana, bangon bulo da rufin kwano su sha rana su riƙe ta har tsakar dare. Tsofaffin soraye na cikin Birni irin na unguwar Babban Gwani, masu kaurin bango na ƙasa, za ki shiga da tsakar rana ki ji sanyi kamar an zuba ruwa, da hunturu kuma ɗumi, mu da muke gidajen bulo sai mun yi dabara. Dabarar ita ce ki rufe labulen ɓangaren da rana ke bugawa tun hantsi, in rana ta faɗi gari ya fara sanyi ki buɗe tagogi duka, amma fa sai da raga mai kyau a jikin taga saboda sauro. In raga ta yage ki kira kafinta ya canza, ba wani kuɗi ba ne.

Maganar fenti ba ta da tsawo. Ki zaɓi kala mai sanyi a ido, ruwan madara, ruwan toka mai haske, ruwan ƙasa mai haske, ko shuɗi irin na sararin sama. Ja da ruwan lemo da hoda mai ƙarfi ki bar su, suna da kyau a hoto amma zama da su kullum yana gajiyar da ido. Fari tas kuma jar ƙurar Zariya ba za ta bar shi ya yi wata biyu ba. Ki ce wa mai fenti ya shafa kaɗan a bango ki gan shi da rana ki gan shi da dare kafin ki sayi bokiti mai lita 20, kuma a yi fentin ruwa, na mai yana ƙyalli ga wari da ke daɗewa.

Haske kuwa nan ne nake so ki ba ni hankalinki dan mutane da yawa ba su san yana da tasiri ba. Farin kwan nan mai ɗaukar ido da muke sawa a ko'ina, in kin duba jikin kwalinsa za ki ga an rubuta 6500K, wannan hasken irin na rana ne, ya dace da kicin da tsakar gida da shago. Jikin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari da ake kira melatonin idan duhu ya yi, shi ke sa ki ji barci, haske mai ƙarfi da dare musamman fari mai ɗan shuɗi yana jinkirta fitowarsa, shi ya sa za ki kwanta a gajiye amma ido ya bushe. Ki nemi kwan da aka rubuta 2700K ko 3000K, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa kamar hasken fitilar ƙwai ta da, masu kayan wuta a Sabon Gari da PZ suna da shi, ki ce a kunna miki ki gani kafin ki biya. Ni abin da na yi, na bar farin a silin saboda shara da neman kaya, na sayi 'yar fitilar gefen gado mai caji mai irin wannan hasken, bayan isha'i ita kaɗai nake kunnawa, ko an ɗauke wuta ba ruwana. Daren farko da na gwada maigidan ya shigo ya tsaya ya ce "yau kuma ɗakin ya canza, me kika saya?" alhali kwan fitila ɗaya ne da sif da aka matsar.

Labule ki yi hawa biyu, marar nauyi na ciki da zai bar haske ya shigo da rana, da mai ɗan kauri da za ki ja da dare, amma kar ya zama irin mai tattara da jela da duwatsu wanda cire shi a wanke sai an yi gayya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura za ta cika shi, ke kuma ki dinga shaƙa kina atishawa kina cewa mura ce. Haka kafet ɗin da ake mannawa bango zuwa bango, indai akwai mai asma ko yara ƙanana a gidan gara tayil ko leda, sai ki sa ƙaramin kafet a gaban gado wanda za ki iya ɗauka ki kakkaɓe a waje, ƙasan kuma ki goge da tsumma mai lema maimakon tsintsiya da ke tada ƙura. Zanin gado na auduga ki nema, mai santsin nan na roba yana riƙe zufa, kala biyu ko uku da suka dace da bango sun isa, filo ma biyu ko huɗu, ba sai an jera goma da za ki dinga saukewa kowane dare ba.

Gidan sauro wasu na ganin yana ɓata kwalliya, ni ban yarda ba, ba hutun da za ki samu sauro na kuka a kunnenki ga zazzaɓin cizon sauro da damina. Kafinta ya yi miki sanduna huɗu a kusurwoyin gado ya tsaya a miƙe, fari mai tsafta, da safe ki naɗe shi sama. In sabo ne mai magani ki shanya shi a inuwa awa 24 kafin ki fara kwana a ciki.

Turaren wuta kam ai namu ne, ɗakin mace ba ƙamshi bai cika ba, sai dai ki turara tun da magariba taga a buɗe, hayaƙin ya fita ƙamshin ya zauna a labule da zanin gado. Dan Allah dan Annabi kar ki kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe wai dan jin ɗumi da hunturu, gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da kala, mutum yana barci za ta kashe shi, haka janareta kar a ajiye shi kusa da tagar ɗakin kwana. In sanyi ne ki ƙara bargo ki sa wa yara safa da hula.

Talabijin ki mayar falo, waya kuma ki sa ta caji nesa da gado inda sai kin tashi za ki ɗauko, in ba haka ba za ki ce bari in duba WhatsApp minti biyar sai ki ga ƙarfe ɗaya. Wurin da kika samu bayan fitar da kaya ki ware kusurwa ɗaya mai kallon gabas, darduma da hijabi da Alƙur'ani da carbi a ɗan kwando, kar komai ya hau wurin. Ni akwatunan lefen nan nawa kuwa yanzu suna gidan ƙanwata da aka yi wa aure. In na idar da shafa'i da wutiri sai in kakkaɓe shimfiɗa kamar yadda sunna ta koyar, in karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi in shafa, in sauke gidan sauro in kashe 'yar fitilar in kwanta ta gefen dama, iska na shigowa ta tagar da sif ya taɓa toshewa.