Yadda ma'aikacin gwamnati zai ɗauki nauyin bincike ba tare da ya durƙushe ba

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo. A ma'aikatun Najeriya, akawu da ma'aji da jami'in sayayya suna cikin masu fuskantar wannan haɗari, domin Babban Odita da hukumomin yaƙi da cin hanci na ICPC da EFCC da kwamitocin majalisa duk kan takardunsu suke sauka.

A ganina, abin da ya fi cinye ma'aikaci shi ne a ɗora masa alhakin shawarar da ba shi ya yanke ba. Umarni yakan zo da baki, a fitar da kuɗi, sai ranar da oditoci suka iso a tarar sa hannunsa kaɗai ke kan takarda, ya yi watanni yana kwana da fargaba. Saboda haka duk umarnin da ya shafi kuɗi ko kwangila, ka roƙi shugabanka cikin ladabi ya rubuta shi a fayil. Idan ya ƙi, kai ka rubuta abin da aka ce ka yi, ka sa kwanan wata, ka tura masa ya amince. Haka kuma ka haɗa rasit da takardar biya tun ranar da aka kashe kuɗin, domin neman su bayan shekara ya fi aikin kansa wahala.

Sannan ka san wa'adin da doka ta gindaya, ka rubuta shi inda idonka zai riƙa gani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba da kwana bakwai a amsa buƙatar wanda ya nemi bayani daga ma'aikata, bayyana kadarori ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuwa ana sabunta shi duk shekara huɗu.

Idan takardar tuhuma ta zo, ka amsa abin da aka tambaya kawai, da hujja a haɗe, cikin lokacin da aka ba ka, kuma ka nemi shawarar ƙungiyarku ta ma'aikata kafin ka miƙa.

Ka ɗauki hutunka na shekara, ka bar takardar miƙa aiki cikakkiya don kada a riƙa kiran ka a gida. Shugaban sashe shi ma yana da hakki a nan, domin bai dace rahotanni da amsa oditoci duka su taru kan mutum ɗaya don kawai ya iya aiki ba. Idan barci ya fara gagarar ka ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ka je asibiti a auna jininka, ka faɗa wa likita yanayin aikinka.