Darasi na Tara: Abin da Motar Abinci Take Ci, da Inshorar da Take Bukata

A darasin da ya gabata mun koyi yadda ake rubuta cinikin yini a littafi, shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya kuma na abin da ya fita. Yau za mu gwada wannan littafi a kan sana'a guda, wato sayar da abinci a cikin mota, irin motocin nan da ake gani a jere a bakin teku a Jidda bayan sallar isha'i, ko a gefen wuraren shaƙatawa a Makka da Madina. 'Ya'yanmu da yawa sun sa ido a kan wannan sana'a, kuma suna da dalili, domin tsiren da kakanninmu suka zo da shi ƙasar Hijaz ya daɗe da zama abincin kowa. Wanda ya tashi a gidan da aka iya haɗa yaji da ƙuli-ƙuli ba zai rasa abin sayarwa ba. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen lissafi, musamman lissafin kuɗin da ba a fitar da su kullum, sai su taru su faɗo wa mutum a rana ɗaya.

Kafin a sayi ko da cokali, a fara da maganar suna. Lasisin motar abinci yana fitowa ne daga baladiyya, wato hukumar gari, ta manhajar Balady, kuma ɗan ƙasa ake ba shi. A cikinmu akwai masu takardar zama ɗan ƙasa, akwai kuma masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, kuma sau da yawa sai mai iƙama ya zuba kuɗinsa a sa sunan wani ɗan ƙasa a takarda. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Ko da hukuma ba ta gano ba, wanda sunansa yake a takarda shi ne mai mota a idon kotu da idon kamfanin inshora, don haka ranar da za a biya diyyar asara, hannunsa za ta shiga. Duk abin da za mu faɗa a gaba yana magana ne a kan wanda ya shiga sana'ar da sunansa.

Kuɗin da sana'ar take ci iri uku ne, amma ba girmansu ɗaya ba a wajen haɗari. Na farko shi ne jari, wato motar kanta da gyara cikinta da ƙarfen da ba ya tsatsa, da murhu, da firij, da janareta, da tankin ruwa mai tsabta da na ruwan wanke-wanke, da na'urar zuƙe hayaƙi, da tukunyar kashe gobara. Wannan kowa yana ganin sa, domin a dunƙule ake biya. Na biyu shi ne kuɗin kullum, nama da burodi da mai da albasa da robobin zuba abinci da gas na girki da man janareta, kuma shi ma ba ya ɓuya, tunda kowace safiya sai an sa hannu a aljihu. Sai dai a lura cewa farashinsa yana motsi. Tun watan Yuli na 2021 aka tsayar da litar fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18, amma dizal ya tashi zuwa riyal 1.15 a farkon 2024, ya sake tashi zuwa riyal 1.66 a farkon 2025, kuma mai janaretan dizal da bai sake lissafinsa ba a waɗannan shekaru ya yi ta cin asara yana zaton riba yake ci. Ga kuma zafin bazara, wanda a Makka yakan haura digiri 45, lokacin da firij ba ya hutawa kuma naman da aka bari awa ɗaya ba sanyi ya zama abin zubarwa.

Iri na uku shi ne wanda wannan darasi ya fi damuwa da shi. Sabunta lasisi, sabunta istimara (takardar rajistar mota), kai mota fahas (binciken lafiyar mota), takardar lafiya ta duk wanda yake taɓa abinci, tayoyi, batir, juyen mai, gyaran janareta, inshora, sannan tsufan motar kanta. Waɗannan kuɗaɗe kamar gara suke a jikin azara, suna ci kullum ba a jin ƙara, sai ranar da rufin ya rufto. Maganinsu a lissafi mai sauƙi ne, wato a tara su gaba ɗaya na shekara, a raba su da yawan ranakun aiki, a riƙa cire kason kowace rana ana ajiyewa a asusu na daban kafin a ce an ci riba.

Mu gwada da misali. Lambobin da ke tafe na koyon lissafi ne kawai, kowa zai cire su ya sa nasa. A ce wani saurayi ya kashe riyal 120,000 a kan mota da kayan cikinta, yana sa ran zai yi shekara 5 yana aiki da ita sannan ya sayar da ita riyal 30,000. Abin da motar za ta zubar na darajarta riyal 90,000 ne, wato riyal 18,000 kowace shekara. A ƙara riyal 9,000 na gyare-gyare, da riyal 6,000 na inshora, da riyal 3,000 na takardu, an sami riyal 36,000. Idan yana fita kwana 300 a shekara, to kowace rana akwai riyal 120 da ba nasa ba ne ko da suna cikin aljihunsa. A kan wannan a ɗora riyal 130 na gas da mai da ruwa, da riyal 90 na hayar wurin tsayawa, da riyal 160 na yaron da yake taya shi aiki, wanda albashinsa riyal 4,000 ne a wata. Jimla riyal 500 ke nan kafin ya hura wuta. Idan yana sayar da kwanon tsire riyal 20, nama da yaji da burodi da roba suna cin riyal 10 a ciki, to kowane kwano riyal 10 yake bar masa, kuma sai ya sayar da kwano 50 kafin ya mayar da kuɗin ranar. Idan yana son ya kai riyal 200 gida, sai kwano 70.

A nan ne haraji yake shigowa. Harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa ya fara aiki a ƙasar nan ranar 1 ga Janairu, 2018 a kan kashi 5 cikin 100, aka mayar da shi kashi 15 ranar 1 ga Yuli, 2020. Duk wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000 dole ne ya yi rajista da hukumar zakka da haraji da kwastan. Saurayinmu mai kwano 70 cinikinsa na shekara riyal 420,000 ne, ya haura iyakar ke nan, kuma a cikin kowane riyal 20 da ya karɓa, kusan riyal 2.61 na hukuma ne. Doka ta ba shi damar cire harajin da shi ma ya biya wajen sayen kaya, amma sai idan ya ajiye rasit na haraji, abin da ya sa sayen nama ba takarda yake iya fin tsada ko da an yi masa ragi.

Yanzu sai inshora. Akwai dattawa a cikinmu da zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba, kuma ya kamata a amsa musu da girmamawa. Majalisar manyan malamai ta ƙasar nan ta halatta inshorar taimakon juna a 1977, kuma dokar da aka kafa a 2003 ta wajabta wa kamfanoni su yi aiki a kan wannan tsari, ko da yake malamai suna ci gaba da tattauna yadda ake aiwatar da shi. Tun 2023 akwai hukuma ta musamman mai kula da harkar inshora, wadda ta karɓi aikin daga babban banki. Inshorar mota dai wajibi ce a doka, kuma daga watan Oktoba na 2023 na'ura ce take gano motar da ba ta da ita a kan hanya ta rubuta tara.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ake kira diddal gair, wato mai biyan wanda ka yi wa ɓarna, ko a jikinsa ko a dukiyarsa, har zuwa riyal miliyan 10. Wanda yake ganin kuɗinta ya yi yawa ya tuna cewa diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce, wato ta ninka jarin saurayinmu sau biyu da rabi. Amma wannan inshora ba ta biyan ko riyal ɗaya na gyaran motarka. Wadda take biyan gyaran motarka ita ce shamil, ta fi tsada, kuma a cikinta akwai tahammul, wato kason da kai za ka ɗauka daga aljihunka a kowane haɗari kafin kamfani ya cika sauran. Idan ka zaɓi tahammul babba, kuɗin shekara zai sauka, amma kada ka zaɓi adadin da ba za ka iya fitarwa a yini ɗaya ba tare da cin bashi ba.

Babban kuskuren masu wannan sana'a shi ne ɗaukar cewa inshorar mota ta rufe komai. Motar abinci abu biyu ce a haɗe, mota ce idan tana tafiya, kicin ce idan ta tsaya, kuma takardar inshorar mota da motar take magana. Idan tukunyar gas ta kama wuta ta cinye firij da janareta, ko man suya ya fallatsa wa mai saye, ko mutane suka ci abinci cikinsu ya ɓaci har aka kwantar da su a asibiti, waɗannan duka suna bukatar wasu takardu na daban, wato inshorar kaya da gobara, da inshorar haƙƙin jama'a wadda aka rubuta gubar abinci a cikinta ƙarara. A ganina wannan ta ƙarshe ta fi shamil muhimmanci ga mai ƙaramin jari, domin gyaran mota yana da iyaka, amma ba wanda ya san iyakar abin da za a nema idan mutum ashirin suka kwanta a dare ɗaya. Haka kuma wajibi ne a faɗa wa kamfani gaskiya tun farko cewa motar ta sana'a ce, an canza cikinta, kuma akwai gas da wuta a ciki. Wanda ya yi mata inshora a matsayin motar hawa don ya rage kuɗi, ranar haɗari kamfani yana iya ƙin biyan sa, ko ya biya wanda aka yi wa ɓarna sannan ya dawo ya bi shi kuɗin.

Yaron da yake taya aiki ma yana da nasa haƙƙin. Ana yi masa rajista a hukumar inshorar ma'aikata, inda mai sana'a yake biyan kashi 2 cikin 100 na albashi domin raunin da ake samu a wajen aiki, ban da kason fansho na ɗan ƙasa, kuma inshorar lafiyarsa tana kan mai sana'a. A wurin da ake aiki da wuƙa da tafasasshen mai a ɗaki mai faɗin taku biyu, wannan ba abin sakaci ba ne.

Idan za ka je sayen inshora, ka nemi farashi daga kamfani fiye da ɗaya, kuma idan karatunka na Larabci bai yi ƙarfi ba, ka tafi da ɗanka ko ƙaninka ya karanta maka shafin abubuwan da kamfani ba ya biya, domin wannan shafi ya fi na farko amfani. Ka tambaya ko kayan kicin suna ciki, ko an yarda wani ya tuƙa motar ban da kai, ko ana biyan naman da ya lalace saboda mutuwar firij, kuma ka ce a rubuta maka amsar. Ka ɗauki hoton kayanka, ka ajiye rasit ɗinsu a gida, ba a cikin motar ba. Ranar da aka yi karo a hanya kuma ba wanda ya ji rauni, kamfanin Najm ake kira ya rubuta rahoto, idan kuwa akwai rauni sai jami'an murur, wato 'yan sandan hanya, gobara kuma ta difa'ul madani ce, wato masu kashe gobara, a lamba 998.

Aikin gida: ka ɗauki misalin saurayin nan, ka ɗauka cewa janaretansa ya mutu ya yi kwana 30 bai fita ba, ranakun aikinsa suka koma 270. Ka sake raba riyal 36,000, ka ga nawa kason kowace rana ya zama. Sannan ka ɗauka cewa naman kwano ɗaya ya ƙaru da riyal 2 alhali bai ƙara farashi ba, ka lissafa kwano nawa zai sayar kafin ya mayar da riyal 500. Ka rubuta amsoshin a littafinka, ka zo da su aji na gaba tare da farashin kilo ɗaya na nama a unguwarku.