Yadda Za Ka Yi Idan Mai Gida Ya Garƙame Maka Ɗaki Ko Ya Kwashe Kayanka

Ka dawo daga kasuwa da magariba, ka tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakinka, ko katifa da tukwanen uwargida zube a tsakar gida, wai don kuɗin haya ya makara wata biyu. Ko da bashin gaskiya ne, bai ba mai gida wannan ikon ba. A Najeriya kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya, ma'aikatanta ne kuma ke zuwa su zartar.

Da farko, kada ka ɓalle kwaɗon, kada ka ɗaga wa kowa hannu, don nan take laifin zai dawo kanka. Ciro waya ka ɗauki hoton ƙofar da kayan yadda ka same su, ka kira maƙwabta biyu su gani da idonsu. A daren ka rubuta duk abin da ya ɓace ko ya fashe, da kuɗinsa.

Sai ka tattaro takardu: yarjejeniyar haya, rasit, alat na banki. Nan yawancinmu muke faɗuwa. Mun miƙa wa dillali kuɗin shekara hannu da hannu, wai ai akwai mutunci, ko ƴar takarda babu. In haka ta same ka, nemi wanda aka biya a gabansa, ka kuma adana saƙonnin waya.

Daga nan duba ko an ba ka notis yadda ya kamata. A dokar karɓar gida ta Abuja, mai biya wata-wata wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata 6, sai in yarjejeniyarku ta yanka wani wa'adi daban. Wa'adin ya cika ba ka tashi ba, akwai wata takardar ta kwana 7, ta sanar da kai za a kai ƙara. Dokokin jihohi kan ɗan bambanta, don haka ka nuna wa lauya takardar. In babu hali, je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya.

Ni dai shawarata, fara da mai unguwa. Sau da yawa a zama ɗaya ake buɗe ƙofa, a tsara biyan bashin kaɗan-kaɗan. Abin da aka daddale a rubuta, kowa ya sa hannu.

In kaya sun yi ƙafa, wannan kuma maganar ƴan sanda ce. A tsohon kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, sashe na 286 ya fassara sata da ɗauke abu daga hannun mutum da mugun nufi ba da yardarsa ba, sashe na 287 kuma ya tanadi ɗauri har shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Bashin haya shi kansa ba laifin kamu ba ne: Dokar Ƴan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Diyyar ɓarna kuwa a kotu za ka nema, da hotunan nan da jerin kayanka.

Kai ma ranar tashi, fankar sama da kan famfo da ka tarar a gidan ka bar su inda suke. Ku zagaya ɗakunan tare da mai gida, ka miƙa makulli a gaban shaida, ka karɓi takardar cewa ba ya bin ka komai.