Kurakuran da ake yi wajen haɗa takardun asibiti don neman diyyar naƙasa

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa neman diyyar raunin da ya samu a wurin aiki ya san cewa likitocin da ke tantancewa ba sa kwana da mai ciwo, ba su ga daren da ya kasa runtsawa ba, kuma ba su san abin da hannunsa yake iya yi kafin ya lalace ba. Abin da ke gabansu shi ne fayil, sai kuma ɗan lokacin da za su duba mutum. Da dama daga cikin waɗanda ake dawo wa da takardunsu suna da gaskiya, sai dai takardun ba su faɗi gaskiyar yadda za a iya aiki da ita ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne jinkiri. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF (asusun inshorar ma'aikata na Nijeriya) ke aiwatarwa, ta ɗora wa ma'aikaci ko iyalinsa sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar hatsari, shi kuma mai kamfanin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya. To amma abin da aka saba gani a Kano shi ne, idan inji ya kama hannun ma'aikaci a Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa, sai a wuce da shi wurin mai ɗori, a yi makonni ana shafa magani ana ɗaure karare, ba za a nufi asibiti ba sai hannu ya kumbura ko ƙashi ya haɗe a karkace. Ba ina raina masu ɗori ba ne, amma mai ɗori ba ya buɗe fayil, ba ya rubuta kwanan wata. Idan takardar farko ta asibiti ta zo wata guda bayan hatsari, an buɗe ƙofar tambayar ko a wurin aiki aka ji raunin ko a wani wuri dabam. Gyaran shi ne a je asibiti a ranar, a yanki kati, a ɗauki hoton ƙashi, kuma a gaya wa likita dalla-dalla cewa a bakin aiki ne abin ya faru, da wane inji, da ƙarfe nawa, domin ya shiga rubutun farko. Sanarwar da za a ba kamfani ma ta kasance a rubuce, a karɓi kwafin da aka sa wa hannu. Mutane da yawa ba su san cewa dokar ta haɗa har da hatsarin da ya samu ma'aikaci a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki ba, shi ya sa suke yin shiru idan babur ya kayar da su da safe.

Akwai wani kuskuren da ya samo asali daga kyakkyawar tarbiyyarmu, kuma shi ne ya fi wuyar gyarawa. Na raka kawuna ganin likita bayan ya samu rauni a kafaɗa, likita ya ce, "Baba, yaya jikin?" Sai ya amsa, "Da sauƙi, likita, alhamdu lillahi." Likita ya sunkuya ya rubuta. Alhali da asubar ranar sai da aka taimaka masa ya zura riga, kuma ya daɗe ba ya iya ɗaga hannun zuwa kunne wajen kabbara. Da na ce, "Kawu, ka gaya masa batun rigar mana," sai ya harare ni, domin a wurinsa kai ƙarar ciwo rashin godiya ne. Godiya ga Allah wajibi ce, amma "da sauƙi" gaisuwa ce, ba bayanin jiki ba, kuma idan ta shiga fayil sau biyar a jere, mai tantancewa zai karanta ta a matsayin shaidar cewa mutum yana warkewa. Bayan an gode wa Allah, sai a faɗi abin da ake fama da shi a zahiri: minti nawa ake iya tsayuwa, ko ana iya tsugunno a banɗaki, ko ana iya ɗaukar buta cike da ruwa, ko a zaune ake salla. Wanda kunya za ta hana shi magana ya tafi da wanda yake jinyarsa, ko a rubuta waɗannan abubuwa a ƙaramin littafi tun daga gida, da kwanan watansu.

Wannan ne ke kai mu ga rahoton likita kansa. Takarda mai layi biyu da ta ce wane yana da karaya ko ciwon baya ba ta wadatar ba, domin diyya tana bin gwargwadon abin da mutum ya rasa ne na iya aiki. A ƙarƙashin dokar 2010, wanda naƙasarsa ta zama cikakkiya kuma ta dindindin ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, wanda tasa ba ta kai haka ba kuwa ana auna masa daidai da asararsa. Saboda haka a roƙi likita ya bayyana ranar da aka fara ganin majinyacin, da gwaje-gwajen da aka yi, da maganin da aka gwada, da abin da gaɓar ba ta iya yi yanzu, da kuma ko ana sa ran ta dawo daidai. A nemi rahoton ta hanyar ofishin asibiti, a biya kuɗin a karɓi rasit, a tabbatar yana ɗauke da sunan likita da sa hannunsa da hatimi da kwanan wata. Haka nan ma'aikacin da ke son taɓa kuɗin fanshonsa kafin ya cika shekara 50 saboda rashin lafiya, dokar fansho ta 2014 tana buƙatar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci su tabbatar cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba, ba wai kawai yana da ciwo ba.

Ya kamata kuma rahoton ya fito daga masanin fannin. Matsalar ƙashi da gaɓoɓi akwai Asibitin Ƙashi na Dala, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suna da sassan ƙwararru, lafiyar ƙwaƙwalwa kuma akwai asibitin Dawanau. Wanda ƙarar injuna ta kashe wa ji yana buƙatar sakamakon gwajin ji, wanda ido ya samu matsala yana buƙatar awon gani. Rasit ɗin kemis ba ya maye gurbin ko ɗaya.

Sai ƙananan abubuwan da ke tsayar da fayil watanni. Mutum ɗaya zai zama Mamman a katin asibiti, Muhammadu a takardar albashi, Muhammad a katin ɗan ƙasa, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A daidaita su da abin da ke kan lambar NIN tun kafin a miƙa, idan ya cancanta a yi takardar rantsuwa a kotu. Wanda ya ɓatar da katinsa kada ya buɗe sabon fayil don gudun layi, domin yin haka yana raba tarihin ciwon gida biyu. Ya nemi a lalubo masa tsohuwar lambarsa. Hoton ƙashi kuma ba a naɗe shi, ba a barinsa a rana ko a ƙarƙashin katifa, a ajiye shi a shimfiɗe cikin ambulan ɗinsa tare da takardar bayanin da likitan hoto ya rubuta.

Game da masu cewa za su samo wa mutum rahoto ba tare da ganin likita ba, a guje su: ana iya tuntuɓar asibitin da sunansa ke kan takarda, kuma takarda ɗaya ta jabu tana jefa shakku a kan duk na gaskiyar da ke tare da ita, ban da hukuncin da ka iya biyo baya. Ranar miƙa takardu, a jera su daga ta farko zuwa ta ƙarshe bisa kwanan wata, a ba da kwafi, a riƙe na asali a hannu don nunawa, sannan kada a bar ofishin sai an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a koma da shi gida.